Iskar da ta yi ɓatan dabo a Biosphere 2

Ranar 26 ga Satumba, 1991, mutum takwas, maza huɗu da mata huɗu, suka shiga wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe kusa da garin Oracle, arewa da birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka, aka rufe ƙofa. An shirya za su yi shekara biyu cur a ciki, ba a kawo musu abinci, ba a kawo ruwa, ba a kawo iska. Abin da za su ci su noma shi da hannunsu, ruwan da suka sha ya zagayo ya dawo musu, iskar da za su shaƙa kuma tsirran da ke cikin ginin su sabunta ta. Hasken rana da wutar lantarki ne kaɗai aka yarda su shigo daga waje.

Sunan ginin Biosphere 2, domin a wurin masu shi duniyar da muke ciki ita ce ta ɗaya. Bayan wata 16, iskar oksijin da ke ciki ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen kashi 14, alhali ginin cike yake da ganye kore shar. Yadda aka yi haka, da yadda aka gano dalilin, shi ne abin da wannan nazari ya duba, domin da wuya a samu wani wuri da ya fito da aikin da ganye ke yi da hasken rana fili kamar nan.

Abin da aka gina

An fara ginin a 1987, aka gama a 1991. Attajirin nan na Texas, Ed Bass, shi ya zuba kuɗin, fiye da dala miliyan 150, John Allen kuma shi ne jagoran tunanin. Faɗin wurin ya kai hekta 1.27. A ciki aka shirya ƙaramin kurmi mai yawan ruwan sama, da ƙaramin teku mai murjani (ƙananan halittun teku masu gina ƙashi mai kama da dutse) da injin tayar da igiyar ruwa, da fadamar ruwan gishiri, da filin ciyawa, da hamada, da gona mai faɗin kusan murabba'in mita 2,000, sai ɗakunan kwana da ɗakin bincike. An shigar da nau'o'in tsirrai da dabbobi wajen 3,800. A gona akwai shinkafa, alkama, dankali, gyaɗa, wake, ayaba da gwanda, ga awaki da kaji da aladu da kifi.

Wurin da aka fi kashe basira shi ne toshe kafar iska. An shimfiɗa farantin ƙarfe marar tsatsa a ƙarƙashin ginin don kada iska ko ruwa su bi ta ƙasa. Da yake iska tana kumbura da zafin rana ta kuma tsuke da sanyin dare, wanda hakan zai iya fasa gilashin, sai aka gina wasu manyan ɗakuna biyu da aka kira huhu, kowanne da rufin roba mai hawa da sauka. Iskar da ke zurarewa ba ta kai kashi 10 cikin ɗari a shekara ba. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ita ce ta sa matsalar ta bayyana. Da ginin yana yoyo, da iskar waje ta rufe ɓarnar ba wanda ya sani.

Cinikin da ganye ke yi da iska

Dogaron da aka yi da tsirrai yana da tushe mai tsawo. Jan Baptist van Helmont, a wani gwaji da aka buga a 1648, ya dasa reshen bishiya mai nauyin kilo 2.3 cikin busasshiyar ƙasa mai kusan kilo 91, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa gram 57 kacal ta rage. Ya ce ai daga ruwa ne nauyin ya fito. Rabin gaskiya ya faɗa, sauran rabin yana cikin iskar da bai auna ba. A 1771 Joseph Priestley a Ingila ya kunna kyandir cikin rufaffen gilashi har ya mutu, ya sa reshen na'ana'a a ciki, bayan kwanaki ya tarar kyandir na iya ci kuma. A 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa sai da haske ganye ke wannan gyara, kuma a cikin duhu shi ma ɓata iskar yake yi. Idan aka duba da kyau, Biosphere 2 gilashin Priestley ne aka faɗaɗa, aka sa mutane a ciki.

Abin da ke faruwa a cikin ganye, wanda masana ke kira fotosintesis, aiki ne mai hawa biyu. A jikin ganye, galibi ta ƙasansa, akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani, masu buɗewa da rufewa. Ta nan iskar kabon dayoksaid ke shiga. Ruwa kuma yana hawowa daga saiwa. A cikin ƙwayoyin ganyen akwai wasu 'yan jakunkuna da ake kira kuloroplas, cike da sinadarin kulorofil. Kulorofil ya fi shan jan haske da shuɗi, koren kuwa kaɗan yake sha, sauran ya dawo idonmu, shi ya sa muke ganin ganye kore. A hawa na farko, ƙarfin hasken da aka kama shi ake amfani da shi a farfasa ruwa. Haidurojin da ke cikin ruwan ganye ya riƙe, oksijin ɗin ya sake shi ya fita ta kafofin nan. Samuel Ruben da Martin Kamen ne suka tabbatar a 1941 cewa oksijin ɗin daga ruwa yake fitowa. A hawa na biyu, ganye ya ɗauki ƙarfin da ya tara ya ɗinke kabon ɗin iska da haidurojin ɗin ruwa ya yi suga. Wani sinadari mai suna rubisko shi ke kamo kabon ɗin, kuma aikin gano wannan zagaye ne ya kawo wa Melvin Calvin lambar Nobel a 1961. Daga sugar nan ake samun sitaci, da zaren jikin itace, da ƙwayar hatsi, da komai na jikin tsiro.

Lissafin a taƙaice: ƙwaya shida ta kabon dayoksaid da ƙwaya shida ta ruwa suna ba da ƙwayar suga ɗaya da ƙwaya shida ta oksijin. Wato duk ƙwayar kabon dayoksaid ɗaya da ganye ya kama, ƙwayar oksijin ɗaya yake saki.

Darasin makaranta yakan tsaya a nan, amma cinikin bai ƙare ba. Numfashi shi ne wannan lissafi a juye. Duk wanda ya ci sugar nan, mutum ko akuya ko tsutsa ko bakteriya, ko shi kansa tsiron da ke ƙona sugarsa dare da rana don ya rayu, sai ya ɗauki oksijin daidai da wanda aka saki ranar da aka yi sugar, ya mayar da kabon dayoksaid da ruwa. Oksijin da ganye ya ba iska tamkar rance ne. Ranar da ganyen ya faɗi ya ruɓe, ƙananan halittun da suka cinye shi za su karɓe rancen kaf. Iska ba ta samun ribar oksijin sai idan an ɓoye kabon ɗin a inda ba zai ruɓe ba, kamar cikin gangar bishiya mai rai ko ƙarƙashin lakar teku. Kashi 21 ɗin da muke shaƙa tarin irin wannan ribar ce, wadda ta fara taruwa sosai tun kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, lokacin da ƙananan halittun ruwa masu kulorofil suka yawaita. Wanda ya riƙe wannan a kansa ya riga ya fahimci rabin abin da ya faru a Arizona.

Wata goma sha shida

Abin da ya fara jan hankalin mazauna ginin shi ne kabon dayoksaid. A waje, a wancan lokaci, yawansa a iska wajen kashi 355 ne cikin miliyan, kuma ba ya motsi sosai daga safe zuwa dare. A cikin Biosphere 2 kuwa ganye da ƙasa sun yi wa iskar yawa, saboda haka ana iya kallon numfashin ginin a kan na'ura. Rana na fitowa adadin ya fara sauka, ganye na zuƙa. Rana na faɗuwa ya fara hawa, domin haɗa abinci ya tsaya amma numfashi bai tsaya ba. Tsakanin dare da rana akan samu bambancin kusan kashi 600 cikin miliyan. Da bazara, lokacin dogon yini, yakan tsaya wajen 1,000. Da hunturu ya haura 4,000. Ko gajimare ne ya tare rana na 'yan sa'o'i, sai an ga alamarsa a layin na'urar.

Mutanen ba su zauna sun naɗe hannu ba. Sun koma manoman kabon. Duk wani lungu da haske ke kaiwa sai sun dasa tsiro mai saurin girma. Suka riƙa yanke ciyawa da rassa su busar su tara a ɗakunan ƙasa, don kada su ruɓe su mayar da kabon ɗinsu, sabon toho kuma ya ci gaba da zuƙa. Suka dakatar da haɗa takin gargajiya a watannin sanyi. Suka riƙa sarrafa ban-ruwan hamada da filin ciyawa, su tayar da tsirran lokacin da ake bukatar ganye, su bar ƙasa ta bushe lokacin da ake son rage numfashinta. Akwai kuma na'urar sinadarai da aka girka don tsame kabon dayoksaid daga iska, wadda ta jawo wa aikin suka a jaridu saboda ba a bayyana ta tun farko ba.

Duk hankali yana kan kabon, oksijin kuwa yana zurarewa a hankali, wata bayan wata, ba tsayawa. Da ya kai wajen kashi 14, jikin mutanen ya koma kamar na wanda ke zaune a kan dutse mai tsayin kimanin mita 4,000. Hawa matakala ya zama aiki. Magana mai tsawo sai da hutu a tsakiya. Wasu suna farkawa cikin dare saboda numfashinsu ya ɗauke cikin barci. Ga yunwa kuma. Gonar ta samar da kusan kashi 83 cikin ɗari na abincinsu, sauran daga abin da aka ajiye tun kafin rufewa da kuma irin shuka, amma a watannin farko abin da kowa ke samu bai kai kalori 2,000 a rana ba, alhali aikin gona suke yi da hannu. Nauyinsu ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari kafin ya tsaya. Dankali ne ya fi yin albarka, suka ci shi har fatarsu ta ɗauki launin ruwan lemo. Likitan cikinsu, Roy Walford, wanda dama bincikensa a kan rage cin abinci da tsawon rai ne, ya tarar hawan jininsu da kitsen jininsu sun sauka. Lafiyar ta samu ta wannan ɓangare, cikin dai bai cika ba.

Yunwar da ƙarancin iskar asalinsu ɗaya, ko da yake a lokacin an fi kallonsu kamar matsala biyu. Suga da oksijin tagwaye ne, tare ganye ke haifarsu. Inda ɗaya ya yi ƙaranci, ɗayan ma ya yi.

A watan Janairun 1993 aka yanke shawarar shigar da oksijin daga waje, aka zuba shi ta ɗaya daga cikin huhun ginin. Waɗanda suka shiga ɗakin sun ba da labarin yadda ƙarfi ya dawo musu nan take har suka kama gudu da dariya. An sake ƙarawa a watan Agusta. Ga 'yan jarida wannan shi ne faɗuwar aikin, tunda an karya sharaɗin rufewa. A ganina an yi daidai, kuma tunda an auna abin da aka zuba, lissafin iskar bai lalace ba.

Lissafin da ya ƙi fita

Tambayar da ta rage ita ce ina oksijin ɗin ya tafi. Zato na farko, yoyo, bai tsaya ba. Da gilashin ya tsage, iskar waje mai kashi 21 ce za ta shigo ta ɗaga adadin. Mutanen ma ba su ne ba. Mutum guda ba ya shan oksijin da ya kai kilo ɗaya a rana, kuma abincin da suke ƙonawa a jikinsu gonar cikin ginin ce ta yi shi, wato ganyen da ya yi abincin ya riga ya biya oksijin ɗin tun a gona.

Zato mai ƙarfi shi ne ƙasa. Amma nan ma akwai ƙulli. Idan numfashi ne ya cinye oksijin, to kowace ƙwaya da ta ɓace ya kamata ta bar ƙwayar kabon dayoksaid a madadinta. Saukowa daga kashi 21 zuwa 14 cikin ɗari daidai yake da asarar kashi 70,000 cikin miliyan. Kabon dayoksaid kuwa ko a tsakiyar hunturu bai wuce 'yan dubbai ba. Na'urar tsame kabon ta ɗauki wani abu, amma bai kai ya cike wannan rami ba. An ga sawun ɓarawo ya shiga, ba a ga ya fita ba, kayan kuma babu.

Wanda ya kwance ƙullin wani ɗalibi ne mai neman digirin digirgir, Jeff Severinghaus, tare da malaminsa Wallace Broecker na cibiyar Lamont-Doherty ta Jami'ar Columbia. Sun bi sawun kabon ɗin ta hanyar auna nau'o'insa masu bambancin nauyi, domin tsiro ya fi son kama kabon marar nauyi, saboda haka kabon da ya taɓa bi ta jikin tsiro yana da tambarin da ake gane shi. Sawun ya kai su ga abin da babu wanda ya sa a lissafin halittu, wato kankaren ginin. Sakamakon ya fito a 1994.

Ƙasa, kankare da gilashi

Abu uku ne suka haɗu, kuma babu ɗaya daga ciki da zai yi wannan ɓarna shi kaɗai.

Na farko ƙasa. Masu ginin sun so gona ta yi yabanya ba tare da takin zamani ba, sun kuma so kurmi ya kama da wuri. Sai suka cakuɗa ƙasar da taki da ruɓaɓɓen ganye mai yawa, fiye da abin da ake samu a ƙasa ta yau da kullum, kuma suka zuba ta da zurfi. Kowane manomi zai yaba da irin wannan ƙasa. Amma taki ba komai ba ne illa tsohuwar suga, ganyen da ya yi girma a wani wuri, ya saki oksijin ɗinsa a iskar duniya ta waje. An kwaso bashin an shigo da shi, an bar kuɗin biyansa a waje. Da bakteriya da sauran ƙananan halittun ƙasa suka samu ɗumi da danshi da abinci har wuya, sai suka kama ci, suna biyan kansu daga 'yar iskar da aka kulle a ginin. A duniya irin wannan ba ya nuna alama, saboda rumbun oksijin ɗinta ya fi ƙarfin abin da ƙasa za ta taɓa a shekara. A cikin gilashi rumbun ƙarami ne, mai ci kuma babba.

Na biyu kankare. Siminti idan ya sha ruwa ya daskare yana ɗauke da sinadarin kalsiyam haidiroksaid. Wannan sinadari yana haɗuwa da kabon dayoksaid na iska ya zama kalsiyam kabonet, wato abin da ke cikin farar ƙasa da alli, tare da ruwa. Kowane gini na kankare yana yin haka sannu a hankali, daga fatarsa zuwa ciki. A Biosphere 2 akwai kankare mai ɗimbin yawa da ba a shafe shi da komai ba, a ginshiƙai da bangaye da duwatsun ƙarya da aka ƙera don kurmi da gaɓar teku, iskar kuma tana ɗauke da kabon ninki da yawa na ta waje. Da aka huda kankaren aka ciro samfuri, an tarar na ciki ya sha kabon da zurfin da ya fi na waje nesa. Ƙasa tana ɗaukar oksijin ta liƙa masa kabon, kankare yana haɗiye su biyun ya mayar da su dutse. Kabon ɗin da ganye zai kama ya saki oksijin a madadinsa ya fita daga zagayen gaba ɗaya.

Akan ɗora wa kankaren laifin duka idan ana ba da labarin nan, kuma ina ganin ba a yi masa adalci ba. Kankare bai ci oksijin ko ƙwaya ɗaya daga iska ba, ƙasa ce ta ci. Abin da ya yi shi ne ɓoye shaida. Har ma ana iya cewa ya yi wa mutanen rana. Da duk kabon dayoksaid ɗin da ƙasa ta fitar ya zauna a iska, da ya doshi kashi 7 cikin ɗari, adadin da ke sa mutum ya suma. Da an buɗe ƙofar tun kafin a cika shekara.

Na uku, wanda na fi ba nauyi, shi ne haske. Mai karatu zai iya tambaya: tunda kabon dayoksaid abincin ganye ne, kuma ya yi yawa a ginin, me ya hana tsirran su ninka aiki su rama? Amsar tana cikin hawa biyun nan da aka bayyana. Hawa na biyu ba ya wuce abin da na farko ya ba shi. Idan kabon ya ƙaru, tsiro yakan ƙara sauri zuwa wani mataki, daga nan sai ya tsaya, domin ƙarfin da zai ɗinke kabon ɗin daga haske yake zuwa. A Biosphere 2 gilashi da sandunan ƙarfen da ke riƙe da shi sun tare kusan rabin hasken rana. Arizona wuri ne mai rana, dalilin zaɓensa ke nan, amma shekarun biyu sun faɗo cikin El Niño, sauyin yanayin da ɗumamar ruwan tekun Pasifik ke jawowa, wanda ya kawo wa kudu maso yammacin Amurka hunturu mai gajimare fiye da yadda aka saba. Ƙananan halittun ƙasa ba ruwansu da gajimare, a duhu suke ci, dare da rana, muddin akwai ɗumi da danshi. Ganye kuwa aikinsa na rana ne, kuma da rabin rana aka bar shi. Ga ƙwari da cututtukan shuka da suka rage amfanin gona, ga wata yaɗiya da ta bi kan bishiyoyin kurmi tana tare musu hasken da ya rage, har sai an bi ta da hannu ana cirewa.

Akwai wani darasi a cikin dabarar tara busasshiyar ciyawa. Abin da mutanen suka yi a ɗakunan ƙasa shi ne ainihin abin da duniya ta yi cikin miliyoyin shekaru ta hanyar binne gawayin kwal da lakar teku: raba kabon da oksijin, a hana su sake haɗuwa. Dabarar daidai take. Girmanta ne bai kai ba, hannu goma sha shida ba za su tara abin da zai yi daidai da numfashin ƙasa mai zurfin mitoci ba.

Da me za a yi daban? Ƙasa marar taki sosai, wadda za a bari ta gina kanta a hankali, da ta rage bashin tun farko, ko da gonar za ta yi jinkirin kamawa. Ko kuma a bar ginin a buɗe na wasu shekaru har ƙasar ta huce kafin a rufe, domin numfashin irin wannan ƙasa yana raguwa yayin da abinci mai sauƙin ci ke ƙarewa. Fitilun lantarki a kan gona da sun taimaka wa ciki da huhu a lokaci guda. Shafe kankare shi ne mafi sauƙi, amma shi kaɗai da ya sauya kamannin matsalar ne kawai, a rabu da ƙarancin oksijin a faɗa yawan kabon.

Bayan an buɗe ƙofa

Mutum takwas ɗin sun fito ranar 26 ga Satumba, 1993, shekara biyu daidai. Ɗaya daga cikinsu, Jane Poynter, ita kaɗai ta taɓa fita na 'yan sa'o'i a makonnin farko, bayan injin sussukar shinkafa ya yanke mata kan yatsa. Sun fito a rabe gida biyu, huɗu da huɗu, kan yadda ya kamata a tafiyar da binciken. Yawancin ƙwarin da ke kai ƙurar fure daga fure zuwa fure sun mutu, haka ma akasarin ƙananan dabbobi masu ƙashin baya da aka shigar. Kyankyasai da wata irin tururuwa mai saurin gudu su suka mamaye wurin.

Kafin a sake rufe wasu mutanen a ginin an shafe kankaren, an kuma ƙara fitilu a gona. Rukuni na biyu ya shiga a watan Maris na 1994, ya kuma ciyar da kansa gaba ɗaya daga gonar, amma rikicin shugabanci ya sa aka rufe aikin a watan Satumba na shekarar. Daga nan Jami'ar Columbia ta karɓi ragamar bincike har zuwa 2003. Ta daina rufe mutane, ta raba sassan ginin da labule, ta mayar da shi wurin da ake ɗaga kabon dayoksaid ko a sauke shi da gangan a ga abin da tsirrai za su yi. A cikin ƙaramin tekun nan aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da suka nuna cewa idan kabon ya ƙaru a ruwan teku, murjani yana rage saurin gina ƙashinsa. Jami'ar Arizona ta fara bincike a wurin a 2007, ta mallake shi a 2011. A 2019 masu bincike sun hana kurmin ruwa na tsawon makonni, suna bin sawun kabon daga kafar ganye zuwa saiwa zuwa ƙasa, don ganin yadda bishiyoyi ke rufe kafofinsu su rage haɗa abinci idan fari ya kama, da kuma yadda suke farfaɗowa idan ruwa ya dawo.